Na Madani da Na'urar Ƙirga Ambato

Yayana ya yi karatu har ya zama dakta a kan motocin haya, kuma har yau akwai tsofaffi a Mai Wurno da suke ganin an yi asarar kuɗin makaranta. A cewarsu, yaro ya tafi Wad Madani, ya wuce Hartum, ya dawo da takardu jibgi guda, sannan a wayi gari a same shi zaune kan jarka a tasha yana kallon hafla tana cika. Hafla ita ce ƙaramar bas ɗin da ke kai mu Sinnar, kuma a garinmu mai zama yana kallonta tana cika kumsari ne, yaron mota mai karɓar kuɗi. Saboda haka sunan da ya bi Yaya ke nan, Dakta Kumsari.

Bai damu ba, ko ya nuna kamar bai damu ba. Shekara da shekaru yana hawa hafla yana sauka, yana bin karo, amalanken jakin nan, daga gona zuwa bakin kwalta, yana dawowa gida da warin albasa a jallabiyarsa. Abin da ya gano shi ne jiran mota ta cika ya fi tafiyar kanta cin lokaci, kuma tumatir ɗin manomanmu a bakin hanya yake ruɓewa yana jiran abin hawa. Ya ba da shawarar mota ta riƙa tashi da agogo, ko ta cika ko ba ta cika ba. Direbobi suka yi ta dariya har ɗaya ya saya masa shayi don tausayi.

Ni ce autarmu, kuma a lokacin ina aiki a ɗakin karatu na jami'ar da yake koyarwa a Madani. Cikin ayyukana har da ƙirga ambato. Idan malami ya nemi ƙarin girma, kwamiti ba ya tsayawa ga yawan abin da ya rubuta, sai ya ga sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa da sunansa a nasu rubutun. Kwamfuta ce ke tattaro wannan, ni nawa in danna in buga a takarda in sa hatimi. Na ga manyan mutane sun shigo ofishina da rawani tsaye sun fita da shi a karkace.

Ran nan sai ga Yaya. Yana neman zama farfesa, shekarun ajiye aiki sun matso, kuma damar da ta rage masa ba ta da yawa. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce in danna. Na danna. Na sake dannawa, don na zaci layin ne ya yanke. Ambaton bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Biyu daga ciki shi ne ya ambaci kansa. Ɗaya kuma wani bature ne da ya kawo sunansa a ƙarshen jimlar da ke cewa ba a yi wani binciken kirki a kan sufurin wannan yanki ba.

Yaya ya sauke ƙafarsa. Ya ce, "Ƙila na'urar ba ta jin Larabci."

Na ce tana ji. Ya tambaya ko za a iya ƙirga direbobin tasha, tunda kullum da sunansa suke kwana suke tashi. Na ce sai dai idan sun fara buga mujalla. Ya yi dariya, ya ninke takardar ya sa a aljihu, amma tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Kwamiti ya ce ya je ya dawo baɗi da abin da ya fi wannan.

Abin ya tsaya mini a rai, domin na san ana amfani da aikinsa. Ɗalibansa dai yawancinsu sun tafi ƙasashen Larabawa, wasu ma tuƙin tasi suke yi, wato sun ɗauki darasin da gaske. Amma akwai masu rubutu a fannin da suka rage, kuma da na zauna na lissafa su sai na ga duk a gidanmu suke cin abincin Sallah.

Na fara da matar Yaya, wadda muke kira Ustaza. 'Yar Kamlin ce, malamar tattalin arzikin noma, kuma ita kwamfuta ta san ta sosai, don duk mai rubutu a kan albasa sai ya ambace ta. Na buɗe maƙalunta ɗaya bayan ɗaya. Ga binciken Yaya nan a ciki, ɗanye shar, har da maganar karo da bakin kwalta. Amma wurin da suna ya kamata ya zo sai ka ga "wani bincike da aka yi a baya ya nuna", ko "kamar yadda aka sani", ko "wani mai lura da tashoshi ya ce". A wata maƙalar ma cewa ta yi "mun ji daga majiya ta kusa". Majiyar tana kwana a ɗakinta tana minshari.

Na ɗauki takardun na hau raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, na same ta a gida tana tuƙa asida, irin tuwonmu. Na shimfiɗa mata su a kan tabarma.

Ta ce, "To mi kike so in yi? In kama sunan mai gidana in rubuta, in tashi gaban jama'a in karanta? Ke ba a ba ki tarbiyya ba?"

Na ce ai rubutu ne, ba kira ba ne.

"Rubutun ba da baki aka karanta shi ba? Tun da anka kawo ni gidanga ban taɓa hwaɗin sunan nan ba. Ko a asibiti anka tambaye ni, katinai nike miƙawa. Yanzu don kwamfuta? Halas, ya isa haka, ki bar ni in gama tuƙina."

Gaskiyarta, domin a kan haka muka taso. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uba da uwa ba sa kiran sunan ɗan fari. Yaya kuwa ɗan fari ne, kuma sunan kakanmu aka sa masa, wato kunya biyu a kan mutum ɗaya. Inna har ta koma ga Allah "yaron nan" take ce masa, yana da furfura a gemu. Baba kuma "na Madani" yake cewa, ko da na Madanin yana zaune a gabansa suna cin kisra, gurasar dawar nan, a kwano ɗaya.

Baba shi ne na biyu a jerin masu laifi. Ya koyar a makarantar aikin gona ta Gezira har ya yi ritaya ya koma Mai Wurno, amma bai ajiye alƙalami ba. Duk shekara yana aika maƙala ga wata mujallar aikin gona ta Larabci, kuma tun da idonsa ya yi rauni ni ce mai rubuta masa idan na zo hutu. Da hannuna na rubuta "an gano cewa" sau ba adadi, ban taɓa tsayawa na tambaye shi wa ya gano ba.

Da Ustaza muka yi sulhu. Ta yarda za ta riƙa barin fili a duk inda sunan zai shiga, ni in cike. Idan mujalla ta dawo da rubutu don dubawa, sai ta ɗora babban yatsanta a kan wurin ta karanta sauran. Na halarci wani taro da ta gabatar da maƙala, sunan ya fito ɓaro-ɓaro a allon da ke bayanta. Ba ta waiwaya ba. Ta nuna baya da yatsa ta kan kafaɗa ta ce, "Kamar yadda wannan bawan Allah ya nuna." Bawan Allah yana zaune a layin gaba yana gyaɗa kai, farin ciki kamar an ba shi kujerar gaba a hafla.

Amma mace ɗaya ba za ta cike wannan rami cikin shekara ba. Sai na tuna akwai mutum ɗaya a dangi da yake da cikakken izinin kiran sunan Yaya da ƙarfi, ko a masallaci ne, wato ɗan gwaggonmu, taubashinsa. Malamin injiniyan hanyoyi ne a Sinnar, kuma shi ne ya fara laƙaba masa Dakta Kumsari. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Na kira shi a waya na roƙe shi ya ambaci aikin Yaya.

Ya ce, "Ya salam! Ni in yabi bawana a mujalla? Ai sai dangi su ce na haukace."

Na ce masa kwamfuta ba ta san yabo da zagi ba, suna kawai take ƙirgawa. Sannan na ji wata dariya ta mugunta da na san ta tun ina ƙarama.

"Kina nuhin in zage shi, kuma ya ƙaru?"

Na ce ƙwarai.

"Ya zol, baiwar Allah, wanga aiki nawa na. Tamam."

Bai yi wata biyu ba maƙalarsa ta fito. Ya ce matsalar yankinmu ramukan hanya ce, ba jiran fasinja ba, kuma duk mai cewa akasin haka ya daɗe zaune kan jarka har jini ya daina kai masa ka. Da harshen masana ya faɗi wannan, amma mun gane. Ya ambaci kowace maƙala da Yaya ya taɓa rubutawa, ɗaya bayan ɗaya, don ya ce ba daidai ba ce. Ni ban gaya wa Yaya da hannuna a ciki ba sai da ya gama tsalle-tsallen fushi a ofishina. Da na gaya masa, ya ce to ai duk da haka sai ya rama. Ya rama. Taubashi ya sake ramawa. Wani malami daga Masar ya shigo raba faɗa, ya ambace su duka biyun. Wata ɗaliba daga wata ƙasa ta rubuta cewa akwai mazhabobi biyu a kan sufurin yankinmu na Blue Nile, ba ta san mazhabobin biyu a tabarma ɗaya aka yi musu kaciya ba. Lambar Yaya ta fara hawa, ta taubashi ma haka, kuma a bikin suna na gaba sai da aka zaunar da su nesa da juna don sun fara yarda da abin da suke rubutawa.

Duk wannan bai sa Yaya ya saki jiki ba. Wata rana muna shan jabana, wato gahawa, a bakin ƙofar jami'a ya ce mini, yana kallon ƙasan finjalinsa, "Tsoho ya karanta abin da nike rubutawa kuwa?" Na ce ya karanta, har yana amfani da shi. Ya ce, "Uhm." A nan na gane kujerar farfesa rabin maganar ce. Mutumin da ya fi so ya ce aikinsa aiki ne, shi ne wanda bai taɓa ce masa komai a kai ba sai, "Na Madani, har yanzu ana ƙirga motoci?"

Da hutu ya zo na tafi gida. Bayan sallar Juma'a Baba ya sa aka fito masa da angarib, gadonsa na igiya, ƙarƙashin rumfa, ya ce in ɗauko takarda. Maƙalar bana a kan asarar albasa ce tsakanin gona da kasuwa. Yana faɗa ina rubutawa, har muka zo inda na san za mu zo.

Ya ce, "Rubuta: an gano cewa jiran abin hawa..."

Na ajiye biro. Na ce, "Baba, wa ya gano?"

"An gano."

"Wa?"

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Ke kin san wanda ya gano. Rubuta."

Ni Allah ya yi ni da baki, kuma auta ce, an saba ƙyale ni. Na ce, "Baba, a ɗakin karatunmu idan ɗalibi ya ɗauki aikin wani bai faɗi mai shi ba, sata muke rubutawa a fayil ɗinsa."

Ban taɓa ganin Baba ya tashi zaune da sauri haka ba. Ya ce ni zan kira shi ɓarawo a gidansa? Shi da ya yi karatu gaban malamai, ba ya faɗin ko hukuncin alwala sai ya ce daga wane ya ji, shi kuma daga wane? Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi na koma wajen randa na tsaya, don na san na wuce gona da iri. Ya yi ta faɗa shi kaɗai, rabi da Hausa rabi da Larabci, har kaji suka bar tsakar gida. Daga baya faɗan ya koma gunaguni, gunagunin ya koma shiru.

Can ya ce, "Ke. Zo ki ɗauki bironki."

Na zo na zauna. Na ce masa a hankali ba sai ya faɗa ba, zan iya cike wurin kamar yadda nake yi wa Ustaza.

Ya ce, "Ita matarsa ce, ta yi daidai. Ni malami ne. Abin da bai hito bakina ba, ba ni na ambata ba."

Ya gyara hularsa. Ya yi gyaran murya. Ya tambaya ko akwai kowa a zaure, na ce babu. Ya sa na leƙa na tabbatar. Sannan ya juya fuskarsa wajen katanga, kamar mai shirin shan magani mai ɗaci, ya faɗi sunan. Cikakke ya faɗe shi, da na uba da na kaka, har da "dakta" a gaba. Muryarsa ta ɗan karye a tsakiya, domin sunan mahaifin shi Baban ne kuma, wanda rabonsa da furta shi Allah kaɗai ya sani. Ya ƙara da cewa, "A cikin bincikensa mai kyau." Sannan ya ce, "Goge mai kyau. Kar ya ji daɗi." Na ɗora biro kamar ina gogewa, ban goge ba.

Mujallar Baba ba ta shiga kwamfuta. A takarda ake buga ta, a raba wa tsofaffin malaman gona, wasu su karanta, wasu su yi fifita da ita. Don haka ambaton nan bai ƙara wa Yaya ko ɗigo ba a lissafina. Zagin taubashi da yatsan Ustaza ne suka kai shi, kwamiti ya duba sabuwar takardar da na sa wa hatimi ya ba shi kujerarsa.

Bayan an sanar, muka taho gida tare don a yi wa Baba albishir. A tashar Sinnar muka shiga hafla, saura mutum uku ta cika, muka zauna jira kamar kowa. Zafi ya ishe mu, wata mata ta ɗora mini kwandon tumatir a cinya ba tare da ta tambaye ni ba. Sabon farfesan sufuri yana ta duba agogo yana tsaki. Don in ɗauke masa hankali na ciro mujallar daga jakata, na buɗe shafin na miƙa masa.

Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Ya ce, "Ke kika cike, ko? Awa na Ustaza."

Na ce a'a.

"Da bakinai ya hwaɗa?"

"Da bakinsa."

"Dut sunan?"

"Har da dakta."

Ya daɗe yana kallon bayan kujerar da ke gabansa. Kumsari yana waje yana ta ihun Mai Wurno, Mai Wurno, mutum biyu. Sai Yaya ya matso kusa da kunnena, mutum mai jikoki, ya ce, "Ƙaƙa ya hwaɗe shi? Gwada mini."

Ni ma fa ban taɓa kiran sunan nan a gabansa ba, Yaya nake cewa tun da na iya magana. Kunya ta rufe ni. Amma na dubi fuskarsa na ga ba wasa yake ba. Na juya kaina wajen taga kamar yadda Baba ya juya wajen katanga, na yi gyaran murya irin tasa, na faɗi sunan da muryar tsoho, har da inda ta karye.

Mai tumatir ta dube ni ta dube shi, ta ja kwandonta ta mayar kan cinyarta. Motar ta cika, direba ya tayar, kumsari ya fara kaɗa yatsu yana neman kuɗi. Yaya bai ji shi ba. Ya rufe idonsa da tafin hannu, mujallar tana buɗe a gwiwarsa, ya ce, "Ƙara hwaɗi."